Masu Kafa Turaku a Cikin Ruwa

Ranar kasuwa a Rogo, manomi ya sayar da masara buhu goma. Ɗan kasuwa ya ciro waya ya daddanna, kafin a gama ɗinke bakin buhu na ƙarshe saƙo ya shigo cewa kuɗi sun faɗa asusu. Manomin ya taka zuwa rumfar mai POS ya ciri na cefane, sauran ya ce su zauna a banki. In ka bi diddigin bankin nan da yake faɗa, abin da za ka tarar shi ne lambobi rubuce a kan faifan ajiya, a wani ɗaki mai sanyi ƙalau a Legas ko Abuja. Kano ma tana da irin ɗakin, cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a watan Janairun 2023. A irin waɗannan wurare, kwamfutar da ke lissafi daban take, akwatin da ke ɗauke da faya-fayan ajiya daban yake, igiya ce ta haɗa su. Duk abin da za a rubuta ko a karanta sai ya bi ta igiyar nan, kuma a cikinta akwai wata gwaninta da ba kowa ya san da ita ba: sanin inda saƙo ɗaya ya ƙare, inda na gaba ya fara.

Ɗan yayana ne ya fara nuna mini ita. Aikin kula da irin waɗannan na'urori yake yi a Kano, ya zo gida Karaye hutun Sallah, muka fita da yamma bakin dam ɗin Challawa. Na tambaye shi me yake yi a wurin aiki da har yake kwana a can. Sai ya nuna ruwan ya ce, "Baffa, in na zuba guga goma a magudana ɗaya bayan ɗaya, kai kana can ƙasa kana tara, za ka iya faɗa mini inda guga na uku ya ƙare?" Na ce ina fa, ruwa ai ba shi da gaɓa. Ya ce, "To haka hanyar da muke tura bayanai take, mu kuwa dole sai mun gane gaɓar."

Ga asalin zancen. Yaren da kwamfuta ke yi wa faifai magana da shi, SCSI, an daidaita shi tun 1986, kuma an yi shi ne domin gajeriyar igiya mai kauri da ba ta wuce 'yan taku. Da kamfanoni suka buƙaci tara faya-fayai a wuri guda, sai aka fito da Fibre Channel a 1994, hanya ta musamman mai sauri, amma mai tsada, da nata na'urorin da nata ƙwararrun. Wajen shekarar 2000 injiniyoyin IBM da Cisco da wasu suka ce, ga hanyar intanet kowa na da ita, ga arha, me zai hana a ɗora mata kayan ajiya? Ƙungiyar IETF, wadda ke rubuta ƙa'idojin intanet, ta kafa kwamiti, aka shekara huɗu ana kai ruwa rana, har a watan Afrilun 2004 aka fitar da iSCSI a takarda mai lamba RFC 3720. Cikin marubutanta akwai Julian Satran da Kalman Meth na ɗakin binciken IBM da ke Haifa.

Dokin da aka ɗora wa kayan shi ne TCP, wanda Vint Cerf da Bob Kahn suka zana tushensa a 1974, aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1981. Alkawari biyu TCP ya ɗauka, kuma yana cika su: duk bayit ɗin da ka ba shi zai isa, kuma zai isa a jeren da ka ba shi. Maganar inda saƙonka ya fara da inda ya tsaya kuwa, babu ruwansa. Yana yanka abin da aka ba shi gunduwa-gunduwa yadda ya ga dama, galibi bayit 1460 kowace gunduwa a kan Ethernet. Yana iya haɗa ƙarshen wani saƙo da farkon wani a gunduwa ɗaya. In wata ta ɓace ya sake turawa, yana iya sake yankan a wani wuri daban. Wata na'ura a tsakiyar hanya ma tana iya kwancewa ta sake ɗaurewa. Fibre Channel ba ta da wannan matsala, domin kowane ƙunshi nata yana da alamar farko da ta ƙarshe a kan wayar kanta. Wanda ya bar ta ya hau TCP ya sami arha, ya rasa gaɓa.

Dabara ta farko mai sauƙi ce, kuma har gobe ita ce ginshiƙi. Kowane saƙon iSCSI yana farawa da goshi mai tsawon bayit 48, ba ƙari ba ragi. A goshin an rubuta wane irin saƙo ne, na wane aiki ne, a wane wuri kayansa za su sauka, sannan an ware bayit uku da ke faɗin tsawon kayan da ke biye. In tsawon bai rabu huɗu-huɗu ba, sai a cike shi da ciko. Mai karɓa ya karanta goshi, ya ƙirga abin da aka faɗa masa, inda ƙidaya ta tsaya nan goshi na gaba yake. Kowane saƙo yana riƙe da hannun na bayansa kamar sarƙa. Muddin komai na zuwa a jere, shi ke nan, magana ta ƙare.

Sai dai sarƙa tana da halinta: zobe ɗaya ya tsinke, duk abin da ke gaba ya rasa mariƙi. A nan ne masu harkar ajiya suka bambanta da sauran masu amfani da intanet, kuma a nan ne na fara ganin zurfin aikin.

Ka ɗauka attajiri ya sayi hatsi a kasuwannin Rogo da Karaye, ya loda motoci ashirin zuwa Dawanau. Kayan na mutane daban-daban ne, sito-sito za a raba su, takardun da ke faɗin buhun wane zai shiga siton wane kuma suna warwatse a cikin lodin, kowace takarda ita ke faɗin buhu nawa za a ƙirga kafin a iske ta gaba. Mota ta uku ta lalace a Gwarzo da takarda ɗaya a cikinta. Sauran sha bakwai da ke bayanta sun iso lafiya, amma 'yan dako ba su san inda za su kai buhu ko ɗaya ba. Dole a sauke komai a fili, a jira mota ta uku, sannan a sake ɗauka a kai sito. Ɗauka biyu ke nan, ga kuma neman filin da zai ci lodin mota sha bakwai.

Haka abin yake a katin sadarwa na kwamfuta. Burin injiniya shi ne kowace gunduwa da ta iso a ajiye ta kai tsaye a mazauninta na ƙarshe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗauka ɗaya. In gunduwar da ke ɗauke da goshi ta ɓace, duk masu biyo ta sai sun zauna a zauren jira har a sake turo ta. Lissafin ba shi da wuya. A 2002 aka daidaita Ethernet mai gudun gigabit 10 a daƙiƙa. In zuwa da dawowa tsakanin cibiyoyi biyu na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, abin da zai kwararo kafin ɓatacciyar gunduwa ta dawo ya kai megabayit 125. A wancan zamani, ɗora ƙwaƙwalwa mai wannan girma da wannan sauri a kan kati ɗaya kuɗi ne masu nauyi. Tambayar da ta hana kwamitin barci ita ce: ta yaya mai karɓa zai gano goshi na gaba ba tare da ya ga na baya ba?

Abin da zai fara zuwa zuciyar kowa shi ne a duba kama. Goshi yana da siffarsa, a bi kayan ana lalube har a ga abin da ya yi kama da shi. Wannan tarko ne, kuma dalilin ya burge ni. Faifan ajiya ba ya zaɓen abin da ake zuba masa. Cikin fayilolin da ake turawa ana iya samun wanda shi kansa kwafin zirga-zirgar iSCSI ne da wani injiniya ya naɗa domin bincike, cike da goshi na gaske waɗanda ba na wannan tafiya ba ne. Na'ura ta yarda da ɗaya daga ciki, sai ta zuba kayan wani a gurbin wani, shiru, babu ƙara babu hayaƙi. Hoton bidiyo ya ɗan karce, mai kallo ya yi tsaki ya wuce. Littafin banki ya karce, asusun manomin Rogo ne ya tashi da wata lamba.

Akwai tsohuwar dabara ta keɓe alama guda a ce ita ce iyaka. Tsarin HDLC yana amfani da sifili, ɗaya guda shida, sifili, kuma PPP da aka riƙa shiga intanet da shi ta wayar tarho ya gaji wannan alama. To in alamar ta faɗo a cikin kayan fa? A PPP, sai mai turawa ya sauya mata kama ta hanyar cusa wani bayit a gabanta, mai karɓa ya cire. In aka yi rashin sa'a, cushen nan yana iya ninka tsawon saƙo sau biyu. A 1997 Stuart Cheshire da Mary Baker na jami'ar Stanford suka fito da COBS, wadda ta rage asarar zuwa bayit ɗaya cikin 254 komai munin kayan. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma duk da haka sai an leƙa kowane bayit a gefen mai turawa da gefen mai karɓa, kamar a ce sai an kwance kowane buhu an duba kafin ya wuce. Wasu kuma sun ba da shawarar aron manunin gaggawa da ke jikin TCP a riƙa nuna goshi da shi, aka ƙi, domin ba don haka aka yi shi ba, kuma kwamfutoci ba su fassara shi iri ɗaya.

Amsar da aka rubuta a ƙarshen RFC 3720 ita ce wadda nake cire wa hula. Ka tuna turakun siminti da ake kafawa a gefen manyan hanyoyi, kowane bayan tazara iri ɗaya, a jikinsa an rubuta saura kilomita nawa a isa gari na gaba. Matafiyin da ya yi barci a mota ya farka bai san inda yake ba, turke ɗaya ya ishe shi. Haka aka yi. Mai turawa yana dasa alama a cikin kwararar bayan kowace tazara da ɓangarorin biyu suka amince da ita tun a gaisuwar farko, in ba su faɗi wata ba, bayan kowane bayit 8192. Alamar ba ta kula da inda ta faɗa, ko tsakiyar kaya ko tsakiyar goshi. Abin da ke cikinta lamba ce kawai: saura bayit kaza ka iske goshi na gaba.

Kyan abin shi ne ba da kamarta ake gane ta ba, da mazauninta ake gane ta. TCP ya riga ya ba kowane bayit lambar jere tun daga farkon hira. Saboda haka ko gunduwa ta iso ita kaɗai, 'yan uwanta na gaba da ita sun ɓace, mai karɓa zai dubi lambarta, ya yi ɗan lissafi, ya san ko akwai turke a cikinta da kuma daidai inda yake. Babu fayil ɗin da zai iya yi masa shigar burtu, domin abin da ya zauna a wannan gurbi shi ne turke, abin da ke wani gurbi kuwa kaya ne komai kamarsa. Ba a taɓa TCP ba, ba a roƙi na'urorin kan hanya su canza komai ba. An ɗauki ƙidayar da dokin ke yi don kansa, an mayar da ita ma'aunin hanya.

Akwai wani ɗan ƙarin da ke nuna hannun gwani. Alamar bayit takwas ce, amma lamba ɗaya ce mai bayit huɗu aka rubuta sau biyu. Dalili shi ne wuƙar TCP tana iya faɗawa a tsakiyar alamar, rabi ya tafi a wannan gunduwa, rabi a waccan. In an rubuta sau biyu, duk inda wuƙar ta faɗa, kwafi ɗaya zai tsira cikakke a gefe ɗaya. Kuɗin wannan duka bai kai kashi ɗaya cikin dubu na hanyar ba.

Da ɗan yayana ya kai nan, sai na tuna gafakar kakanmu. Alƙur'anin da alarammominmu ke rubutawa da hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake, kuma a da ba a sa wa shafi lamba. Amma a ƙasan warƙa marubuci yana ajiye kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, ta yadda ko iska ta watsa takardun, mai ilimi zai mayar da kowace gurbinta. A cikin rubutun kuma ga alamar aya, ga kumsa bayan aya biyar, ga kuri bayan goma, ga adon sumuni da rubu'i da izu a gefe. Mutanen da suka yi wannan sun san cewa rubutu mai daraja yana buƙatar wuraren da wanda ya ɓace zai sake kama hanya. Na faɗa masa haka, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Baffa, kalmar ƙasan warƙar nan ita ce manunin da muke magana."

Aikin bai tsaya a iSCSI ba. Masu son kwamfuta ta rubuta kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar wata ta kan TCP, tsarin da ake kira iWARP, sun ƙara gyara dabarar a RFC 5044 ta watan Oktoban 2007, mai suna MPA. Su sun matso da turakun kusa, kowane bayit 512, kowane turke bayit huɗu, kuma nasu baya yake nunawa: bayit kaza ka baro goshin saƙon da kake ciki. Sun kuma umarci mai turawa ya yi ƙoƙari ya sa kowane saƙo ya fara daidai da farkon gunduwa, ya zama kowace mota tana ɗauke da takardarta a gaban direba. Turakun su ne shaidar cewa ba a sake lodin a hanya ba, in kuma an sake, su ne za su nuna inda takardar ta koma. A ƙarshen kowane saƙo sun liƙa hatimin lissafi, CRC32C, wanda ke tona asiri in bayit ɗaya ya sauya. Masu ɗora Fibre Channel kanta a kan TCP, wato FCIP ta 2004, sun bi wata hanya: suna rubuta muhimman lambobin goshi, har da tsawo, tare da kishiyarsu, duk inda ɗaya yake a mayar da shi sifili, domin mai karɓa ya gwada biyun ya tabbata a kan goshi na gaske yake tsaye.

Mai karatu zai ce, me ya hana a yi sabon doki da ya san gaɓa tun asali? An yi. SCTP ya fito a shekarar 2000 daga wajen masu harkar tarho, kuma yana kiyaye iyakar kowane saƙo. Amma duniya ta riga ta saba da TCP, na'urorin tsaro da ke ƙofar kamfanoni da yawa ba su san baƙon ba, masu ƙera katuna kuma ba su zuba kuɗi a kansa ba.

Ƙarshen turakun iSCSI ba mai daɗi ba ne ga mai sonsu. Tun farko zaɓi ne, ba dole ba, kuma kusan babu mai ƙera na'ura da ya ɗauke su. Ƙwaƙwalwa ta yi arha, kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, a cikin ɗaki ɗaya kuma gunduwa ba ta cika ɓacewa ba, sai mutane suka ga ɗauka biyu ta fi musu sauƙi. A watan Afrilun 2014, da aka tattara ƙa'idar aka sabunta ta a RFC 7143, an cire turakun gaba ɗaya. Ni dai ban ga wannan a matsayin faɗuwa ba. Mutanen da suka sha wahalar ƙirƙiro abu, suka dawo bayan shekara goma suka duba suka ga ba a amfani da shi, suka cire shi da hannunsu don kada ya zame wa na baya nauyi, sun ƙara girma a idona. Tambayar da suka tsaya a kanta kuwa tana nan. NVMe a kan TCP, wanda aka amince da shi a 2018 domin faya-fayan zamani marasa juyi, ya koma ga sarƙar tsawo, amma a goshinsa na bayit takwas ya ware gurbi da ke faɗin daidai inda kaya suka fara, kuma ɓangarorin biyu suna shirya yadda za a jera kayan tun a gaisuwa, duk domin ɗauka ɗaya.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta rage a cikin ƙa'idar wadda nake ganin ita ce zuciyar sana'ar. Ana iya liƙa wa goshin iSCSI nasa hatimin na bayit huɗu. In mai karɓa ya gwada ya ga hatimin bai dace ba, ya san lambar tsawon da ke ciki ba abin yarda ba ce, kuma ba shi da turken da zai kama. Ba a ba shi izinin cinta ba. Sai ya yanke hirar, a sake ƙulla sabuwa, a fara ƙidaya daga goshin da babu shakka a kansa. Jinkirin daƙiƙa kaɗan ya fi masa a kan ya rubuta bayit ɗaya a gurbin da ba nasa ba.

Daren ranar da muka je bakin dam ɗin, bayan sallar isha'i, ɗan yayana ya buɗe kwamfutarsa a tsakar gida ya nuna mini wata zirga-zirga da ya naɗa a na'urorin gwaji da manhajar Wireshark. Allon cike yake da lambobi bibbiyu a jere, babu tazara babu aya, kamar tururuwa. Ya sa yatsa a kan ɗaya ya ce, "Nan goshi ya fara. Ashirin da biyar ɗin nan a ƙidayar sha shida take, ma'anarta faifai ne ke miƙo kaya." Ya matsa gaba kaɗan ya nuna bayit uku, ya ce sun ce 8192. Na haɗa da 48 na goshi, na sami 8240. Kowane layi a allon bayit sha shida ne, na raba, ya ba ni layi 515 cif. Ya ce, "Baffa, sauka da kanka." Na riƙa gangarawa ina ƙirgawa, yara sun kewaye mu suna leƙe, sau biyu ina ɓata lissafi ina komawa. Da na cika layi na 515 na sauka na gaba, lambar farko da ke jirana a bakin layin ita ce 25.